Sheƙar Mai Hula da Dutsen Alwalar Baba

Sanyi ne ya fara yi mini sannu da zuwa a Ingila, na biyunsa kuwa ɓarawo ne, kuma abin haushi ɗan ƙasarmu. Ina tsaye a babbar tashar jirgin ƙasa ta Landan, haƙorana na kaɗawa, ina ƙunƙuni ni kaɗai, sai na ji an ce, "Malam, daga ina?" da Hausa tas. Wallahi saura kaɗan in rungume shi. Dattijo ne mai furfura a gemu, da carbi a hannu, ya ce sunansa Alhaji Sabo, mutumin Fagge. Ya tambayi mutanen gida kamar ya san su, ya ce in je in yanki tikiti shi zai tsare mini akwati, ai ba a shiga layi da kaya. Na je na dawo, ba Alhaji ba akwati. Rigunan sanyina, kilishi, yaji, daddawar da yayata Hajo ta ƙulla mini da hannunta, duk sun bi Alhaji. Abin da ya tsira sai jakar da ke rataye a wuyana, mai takarduna da 'yar rediyona mai cin kaset.

Wani Bafakistane mai shara a tashar ne ya gan ni na yi tsuru-tsuru. Ya yi mini sallama na amsa, ya ja ni ɗakinsu na ma'aikata, ya ba ni shayi mai zafi da wata tsohuwar kwat mai warin taba, sannan ya saka ni a jirgin da zai kai ni gabas. Ko sunansa ban tambaya ba, hankalina na kan daddawa.

A lokacin gwamnati na Legas tukuna, kullum ana cewa ta kusa tasowa Abuja. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a sashen shuke-shuke na ofishin da ke tsara sabon birnin. A taswirar birnin an zana tafkuna da fadamun da za a bar wa tsuntsaye, sai Ogan ofishinmu ya ce ana son wanda zai je Ingila ya koyo yadda ake kula da irin waɗannan wurare, ya nuna ni. Ƙauyenmu, Tungar Kanya, shi ma yana cikin taswirar, sai dai shi ba tafki aka zana masa ba, titi aka ja ta tsakiyarsa. Kafin in taso an riga an shafa jan fenti a bangon gidanmu, an ce Kubwa za a mai da mu, ba a dai faɗi rana ba.

Babana makaho ne. Ƙudan rafi ya cinye masa ido tun ina yaro, kamar dattawa da yawa a yankinmu. Amma a cikin Tungar Kanya baƙo ba zai ce makaho ba ne. Da asuba zai fito ɗaki, ƙafarsa ta kai shi kan dutsen alwalarsa, wani faffaɗan dutse da dugadugansa da ruwan buta suka yi wa ɗan rami. Daga nan ya bi jikin rumbu, ya ratsa ta gindin ɗorawa ya isa masallaci, ya dawo ta ƙofar maƙwabcinmu Ɗanladi Bagwari su yi ta tsokanar juna. Sandar da yake riƙewa ta korar karnuka ce, bai taɓa yarda wani ya kama masa bakinta ba. Ranar da na je yi masa sallama ya daɗe yana shafa sandar, sannan ya ce, "Isyaku, ranar da za a tashe mu, kai za ka kama mini sanda. Ban san hanyar can ba." Na ce in sha Allahu kafin damina na dawo, ai karatun na rani ɗaya ne.

Garin da makarantar take ƙarami ne, kusa da teku. Na kama ɗaki a gidan wata mata da ke dafa dankali da ruwa zalla ta ce abinci ne. Rana ba ta fitowa sai ta ga dama, kafin ka idar da la'asar magariba ta kawo kai. Na rame, wandona ya fara zamewa. Lokaci-lokaci nakan naɗi muryata a kaset in aika wa Yaya Hajo ta gidan waya, in ce lafiyata lau, ƙasar akwai daɗi. Ita ma ta naɗo tata ta aiko, da kukan kaji da daka a bayanta, in kunna in yi ta saurare har batir ya mutu. Ta san ƙarya nake, don a kowane kaset sai ta tambayi ko ina cin abinci.

Bayan 'yan makonni aka rarraba mu wuraren koyon aiki, ni aka tura ni wata fadamar gishiri da aka keɓe wa tsuntsaye a bakin teku. Na ɗauka zan ga fadama irin tamu mai rake da shinkafa. Ina! Fili ne shimfiɗe iya ganinka, laka da gajeriyar ciyawa, da 'yan ƙoramu sun karkace ta ko'ina. Sau biyu a rana teku kan taso ta cika ƙoramun, wani lokaci ta shafe filin gaba ɗaya, sannan ta koma abinta ta bar laka tana ƙyalli. Ba itace ko ɗaya, ba inda mutum zai raɓe wa iska.

Mai kula da wurin wata tsohuwa ce, Dorati, doguwa busasshiya, takalmin roba har gwiwa, maganarta kamar faɗa. Ranar farko ta ce in taka inda ta taka kawai. Ni kuwa ɗan fadama, na ce a raina wace laka ce ban gani ba, na yanke hanya. Laka ta haɗiye ni har cinya, da ƙyar ta fizgo ni, takalmina ɗaya yana can har yau. Ba ta yi dariya ba sai da muka koma bukkarta ta katako ta ba ni busasshiyar safa, sannan ta yi ta yi har da hawaye. Daga ranar na sa mata Gwaggo, na faɗa mata ma'anarsa, ta ce ta karɓa. Ita kuma Isyaku ya gagare ta, ta mai da ni Aizik.

Wurin da na raina ashe cike yake da rai. Da sanyin nan dinya ke zuwa garke-garke daga can ƙuryar arewa, idan suka tashi tare ba ka jin maganar na kusa da kai. Akwai wani mai dogon baki lanƙwasasshe da ke zaƙulo tsutsa a laka, kukansa da yamma yakan sa ni tuna gida har in ji haushinsa. Akwai ƙaguwa a kowane rami, da zomaye a kan wata tsohuwar ganuwar ƙasa, da yanyawa mai zuwa satar ƙwai. Wata rana na ga wata dabba mai kan kare, ba ƙafa, kwance kan yashi tana kallona, na yi ta a'uziyya, Gwaggo ta ce ai kifi kawai take ci. Har ciyawar wurin ana ci, wata mai gaɓa-gaɓa da gishirinta a jikinta. Ita ce abu na farko da na ci a ƙasar na ji ɗanɗano a bakina.

Gwaggo ba ta ba da labari a zaune, sai in mun zo kan abin. Ta nuna mini wasu tuddai na jar ƙasa a tsakiyar laka, ta ce mutanen da can ne suke dafa ruwan teku a tukwane suna fitar da gishiri, ƙonon wutarsu ne ya ja ƙasar. Na tona da yatsa na ciro ɓallin kasko, sak irin na matan Gwari. Bayan su wasu suka zo suka yi ganuwar ƙasa suka tare tekun, suka yi kiwon tumaki, suka kafa ƙauye har da coci. A ƙauyen aka haife ta. Tana budurwa teku ta fasa ganuwar ta ci ƙauyen, da mutane da tumaki, waɗanda suka tsira aka kwashe su aka kai su sababbin gidaje cikin gari.

Wata rana da ruwa ya janye sosai ta kai ni wurin. Tushen gine-ginen na nan, baƙaƙen duwatsu da gansakuka. Ta tsaya cikin wani ɗan murabba'i ta ce nan ne ɗakin girkinsu. Ta ce gidan da aka ba su ya fi nasu kyau nesa, ga famfo ga lantarki, amma mahaifiyarta kullum sai ta miƙa hannu neman ƙofa ta inda ba ƙofa, kuma ba ta cika shekara a cikinsa ba ta rasu. A nan ya kamata in ce mata ni ma ina da tsoho makaho da jan fenti a bangonsa. Na ja bakina na yi shiru, muka koma kafin ruwa ya taso.

Karatu ya zo ƙarshe, na fara ɗaure 'yan tsummokarana, sai Gwaggo ta ce in ƙara 'yan watanni. Lokacin sheƙa ya kusa, mai taimaka mata ya bar aiki, gwiwoyinta kuma sun fara ƙi. Makaranta ta ce duk wanda ya kai ƙarshen aikin sheƙa za a ba shi takardar shaida mai daraja sama da wadda muka zo nema. Na san abin da takardar za ta yi mini a ofis: ƙarin girma da gida a cikin birni. A makon nan kaset ɗin Yaya Hajo ya iso. Ta ce an zo an sake auna gidaje, an ce kafin ruwa ya sauka za a tashe su, kuma Baba kullum sai ya tambayi yau nawa ga wata.

Na zauna na yi wa kaina lissafin banza. Na ce gwamnatin da ta shekara da shekaru tana cewa gobe za ta taso daga Legas ba ta taso ba, ita ce za ta cika alkawarin rana a kan Tungar Kanya? Na naɗi kaset na ce an riƙe mu, dole ce ta sa. Ba wanda ya riƙe ni. Takardar nake so, kuma gaskiya fadamar ta shiga raina. Tun daga ranar da na jefa kaset ɗin a gidan waya ban sake yin salla da natsuwa ba.

Tsuntsayen da ake jira suka iso da ɗumin bazara. 'Yan ƙanana ne farare, da baƙin kai da rawayan baki, na sa musu mai hula. Gwaggo ta ce a gaɓar tekun wajenmu suke cin rani, na ce ashe 'yan gida ne, shi ya sa ba su da haƙuri. Mai hula ba ta saƙa sheƙa. Ɗan rami take yi da ƙirjinta a kan wani dogon tudun tsakuwa da ke tsakanin fadamar da teku, ta saka ƙwai biyu ko uku masu launin tsakuwar, har sai ka kusa takawa kake ganinsu. Matsalar ita ce ba ta da dabara, sau da yawa can ƙasa take yi, kusa da ruwa. Teku kuwa takan yi babbar cika a tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, idan ta haɗu da iska sai ta wanke duk sheƙar da ke ƙasa.

Aikinmu shi ne mu hau da sheƙar sama kafin ruwan ya zo, kuma akwai yadda ake yi. Za ka duba abin da ke kewaye da ƙwan tukuna: wane dutse ne a dama, ina ɓawon katantanwa yake, ina guntun icen da ruwa ya kawo. Sai ka yi sabon rami taƙi ɗaya gaba, ka mai da ƙwan, ka mai da dutsen da ɓawon da icen, kowanne a gefen da yake. Ka koma nesa ka kwanta rub da ciki har uwar ta dawo ta zauna. Gobe ka sake taƙi ɗaya. Duk wannan kana yi iyayen na kawo maka sara a ka suna yi maka kashi a wuya. Na ce wa Gwaggo wannan ai ɓata lokaci ne, ba ga ƙwanta nan tana gani ba? Ta ce, "Ba ƙwai take ganewa ba, Aizik, wuri take ganewa. In za ka matsar da ita, ka matsar da wurin."

Ana gobe babbar cika iska ta juya, sheƙa da yawa ba su kai sama ba, muka rabu, ita ta ɗauki gabas ni yamma. Na gaji, kaina ya sha sara, raina kuma dama ba a kwance yake ba. Na zo kan wata sheƙa da ta fi kowace kusa da ruwa, na ce yau dai ba zan yi wannan wasan yaran ba. Na kwashi ƙwan a tafin hannu na hau da su can saman tudu lokaci ɗaya, na bar duwatsun da icen a inda suke, na koma na kwanta ina kallo.

Uwar ta dawo. Ta sauka daidai tsohon wurin, ta juya, ta gyara fukafukai, ta zauna a kan yashi zalla. Ƙwanta na sama a fili, ko kallon wajen ba ta yi ba. Ta tashi ta yi shawagi ta dawo ta sake zama a kan ba komai. Kafin in yanke shawarar komawa in gyara, wani ƙaton farin tsuntsu, shirwar wurin, ya sauko ya haɗiye ƙwan ina gani. Ita kuwa tana nan zaune a raminta har ruwa ya taɓa ƙirjinta. Na faɗa wa Gwaggo da bakina. Ta ce duk mai aikin nan sai ya yi haka sau ɗaya, ta miƙo mini shayi. Wallahi na fi son ta zage ni.

Ba a yi mako ba wani kaset ya iso. A bukkar Gwaggo na kunna shi da rana, muna shan shayi. Yaya Hajo ba ta ja gaisuwa ba. Ta ce an tashe su. Tifa aka kawo da sassafe, aka ce kafin azahar kowa ya kwashe. Baba ya zauna a ƙofar ɗakinsa da sandarsa ya ce ni yake jira. Aka lallashe shi ya ƙi, direba na ta danna hon, ƙarshe samari biyu suka ciccibe shi suka ɗora kan buhunan dawa. A Kubwa gidajen bulo ne a jere, duk iri ɗaya. Asubar farko ya fito ya yi takun da ya saba zuwa dutsensa, ya faɗa kwata ya fasa goshi. Tun ranar bai sake fita ɗaki ba. Taimama yake yi a jikin bango, salla a zaune, tuwo sai an yi da gaske yake cin loma biyu.

Sai na ji ta ce, "Baba, ga Isyaku, yi masa magana." Kaset ya yi ta juyawa, ba abin da nake ji sai kukan wata akuya can nesa. Har na ɗauka ya ƙare, sai muryarsa ta fito, ƙasa-ƙasa.

"A ce masa ya yi karatunsa."

Gwaggo ba ta jin Hausa amma ta ga fuskata. Ta tambaya, na fassara mata duka. Ta ce tun yaushe na san za a tashe su, na ce tun kafin in zo. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. Ta ce na tsaya a ɗakin girkin uwarta na ji labarinta na yi shiru, sannan na bari ta roƙe ni in zauna. "Ka sa na riƙe ɗan makaho saboda ƙwai," in ji ta. Ta ce sheƙa ba za ta rasa mai matsar da ita ba, ko da rarrafe za ta yi. Washegari ita ta kai ni tasha a tsohuwar motarta. Sai da jirgi ya zo ta cusa mini safar nan ta ranar farko a aljihun kwat, ta juya. Takardar da na tsaya dominta ban same ta ba, tunda ban kai ƙarshen aikin ba.

Na sauka Legas, na kwana a mota zuwa Abuja, ruwa na zuba. A Kubwa sai da na yi ta tambaya kafin na gane gidanmu, don ko mai ido ɓata yake a layukan nan. Baba na zaune kan tabarma ya fuskanci bango, ya rame, ga tabo baƙi a goshinsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo, ya tambayi hanya. Na kai hannu kan bakin sandarsa na ce, "Baba, mu fita ka sha iska." Ya janye ta a hankali ya tura ƙarƙashin cinyarsa. Yaya Hajo ta ajiye mini tuwo da miyar kuka, abin da na yi wata da watanni ina mafarki, na kasa haɗiyewa.

Da safe na tafi Tungar Kanya. Ba Tungar Kanya. Jar ƙasa ce shimfiɗe, katafila na ta kai da kawo, ɗorawar an sare ta an bar kututture. Ina tsaye na rasa ma ina ne ƙofar gidanmu, sai ga Ɗanladi Bagwari da kulki a hannu, ashe kamfanin titin ya ɗauke shi gadi. Ya riƙe hannuna ya tambayi Malam, wato Baba, na faɗa masa gaskiya, na faɗa masa abin da na zo nema. Ya ce, "Dutse na Malam? Na san ta. Tana can ƙasan tuli." Ya ga lokacin da katafila ta ture gidanmu, ya san inda ta tara. Muka ari shebur muka yi ta tono cikin taɓo har azahar. Da hannu na gane shi kafin ido, yatsuna suka faɗa cikin ramin dugadugan. Direban a-kori-kurar da na ɗauka ya dube ni ya dubi kayan ya ce, Oga, dutse ya ƙare ne a Kubwa?

Niyyata in ajiye shi daidai inda yake a tsohon gida, dama da ƙofar ɗaki. Na duba, wurin kwatar nan ce. Na tsaya da dutse a gabana ina haki, sai mai hular nan ta faɗo mini a rai, zaune kan yashi. Na wanke dutsen, na jira Baba ya yi barcin rana, na shigar da shi har cikin ɗaki na ajiye a bakin tabarmarsa, na sa butarsa a hannun dama inda take zama. Da ya farka ya miƙe ƙafa, ta taɓa dutsen. Ya tsaya cak. Ya ja ƙafar a kai a hankali har diddigensa ya zauna cikin ramin. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙa hannun dama ba tare da lalube ba, ya ɗauki butar. Ranar ya yi alwala da ruwa, ɗakin ya jiƙe sharkaf, Yaya Hajo ta goge tana share hawaye da gefen zane.

Kullum in ya yi barcin rana sai in matsar da dutsen taƙi ɗaya wajen ƙofa, da butar a damansa. Na rufe kwatar da katako. Muka ƙetare dokin ƙofa, muka fita tsakar gida. Yaya Hajo ta gaji da goge-goge ta ce in kai shi waje gaba ɗaya mana a huta, na ce a'a, na taɓa yin haka. Baba ya fara cin tuwo, ya fara salla a tsaye, amma ni gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Wata safiya ina jinsa ya ce da ita, "Hajo, dutsen nan ƙafa ya yi." Ta yi dariya, shi bai yi ba, amma washegari ya bi shi inda ya koma.

Kafin ruwa ya ɗauke dutsen ya kai ƙofar gida. Daga nan ba inda zan kai shi, titi ne da mashina da yara. Ranar da la'asar aka kira salla a sabon masallacin unguwa, ya yi alwalarsa ya miƙe. Ina tsaye gefe kamar kullum, ina jira ya juya ciki. Bai juya ba. Ya daɗe yana sauraren titin, sannan ya ɗaga sandar, bakinta a iska, wajen da yake jin numfashina. Na kama, don ɗoki na fizga. Ya toge.

"Kada ka ja ni," ya ce. "Ka tafi, zan biyo ka."

Na tafi a hankali, yana biye, yana shafa ƙasar da tafin ƙafa yana koyon ta. Masallacin ba nisa amma kafin mu isa an sallame. Muka yi tamu mu biyu a baya. Da muka idar na ga yashi ya maƙale a tabon goshinsa, tabon kwatar nan. Na ɗaga hannu zan share masa, na kasa. Shi ya share abinsa, ya miƙo mini bakin sandar.